Tambaya Ta Uku

Na sauka Buruku da takardu arba'in a jaka,
kowace da tambaya goma sha tara,
kowace tambaya da 'yan akwatuna huɗu
inda za a ɗiga amsa a wuce gaba.

Ta uku ta ce: Wa ke da dajin?
Gwamnati, ko hakimi, ko jama'a, ko ban sani ba.

Gwaggo Tabawa na dakan kalwa,
ba ta ajiye taɓarya don ni ba.
Ta ce, wane dajin, 'yar nan,
na damina ko na rani?
In kaɗanya ta zubar da 'ya'ya da asuba,
na wadda ta riga tashi ne.
Ɗorawar can ta gidan Barau ce,
kakansa ya bar ta tsaye ran da ya share gona.
In wuta ta kama, sai ki ji ana ihu,
dajinmu, dajinmu, ku fito da ɗanyen ganye!
Ranar sayar da katako kuwa
ba a aiko wa kowa goro.

Na dubi akwatunan nan huɗu.
Na ɗiga jama'a, don rana na yi.

Ta tara: Nawa kike samu a shekara?
Ta yi dariya har kalwa ta fantsama.
Ta lissafa mini a yatsu:
kuɗin makarantar Lantana, zango biyu,
kwanon rufi shida,
allurar ranar da kububuwa ta sari Tanimu,
da akuya guda, ita ma ta mutu.
Duk daga man kaɗe da daddawa.
Na rasa layin da zan sa akuyar.

Malam Sallau mai gadin gandu
na same shi gindin malaina,
takalminsa na hagu ya buɗe baki.
Shi kaɗai ne, da babur marar mai,
ga dajin da ƙafa ba ta gama shi a kwana biyu.
Ya ce ya taɓa cin Tabawa tara
kan damin busassun ƙirare.
Yana faɗa yana tonon ƙasa da tsinke.
Na ce, motocin dare fa?
Ya ce, su da rasit suke zuwa, har da hatimi.
Sai ya nuna na'urar da ke hannuna:
kashe wannan tukuna.
Na kashe.
Abin da ya biyo baya na nan a cikina,
kundi ba zai gan shi ba.

Da la'asar na bi hayaƙi.
Tanimu ne ya binne ƙirya da marke,
tudun na numfashi a hankali kamar mai barci.
Cikin saran da ke jiran layi har da kaɗanya,
wadda uwarsa ke zuwa gindinta
tun kafin a yaye shi.
Ya ce ta tsufa, ta daina 'ya'ya.
Na ga huda a reshe, ban tanka ba.
Ya ce, kin san kuɗin buhun taki bana?
Gonata tana can ciki,
inda ba mai zuwa tun da aka fara ɗaukar mutane.
Rubuta wannan.
Na juya takardar, na rubuta a baya.

Muna gab da Mando waya ta yi ƙara.
Umma ce: gas ya ƙare,
ki taho da gawayi, na hanya ya fi araha.
Na tsayar da direba.
Na taya, na nace, aka rage mini ɗari biyar,
har na ji daɗi.
Aka ɗora buhun a kan jakata.

A Unguwar Dosa na buɗe jakar.
Baƙin gari ya shiga ta bakin zif,
ya kwanta kan takardar Tabawa,
ya rufe inda na ɗiga.
Na karkaɗe, na hura, na goga da gefen mayafi,
sai ƙara bazuwa yake.

Umma na kirana in zo in ci tuwo,
miyar ta ji daddawa.
Jibi Litinin, malamina na jiran jadawali.